Kogin Challawa da Baƙinsa na Ƙasar Ƙanƙara

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Mainika da Getso da Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, da na Garo da Durun da Godiya a ƙasar Kabo. Shirin na yau ruwa zai bi: ruwan da ke zuba daga indararon gidajen Mainika a watan Agusta, inda yake dosa, waɗanda yake ciyarwa a hanya, da baƙin da ke tasowa tun daga ƙarshen arewacin duniya domin su ci arzikinsa.

Ƙasar Gwarzo da Kabo tudu ce, zaune a kan tsohon dutse mai tauri wanda ke leƙowa nan da can a gonaki. Ruwa ba ya nitsewa cikinsa da nisa. Shi ya sa idan aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin manomi ya kai gida ƙoramar da ya tsallaka da safe ta cika ta batse, ja wur da laka. Yankin kuma dab yake da mararrabar ruwa. Wanda ya matsa yamma cikin ƙasar Katsina zai tarar ƙoramu sun juya wa Kano baya, sun nufi gulbin Rima da na Sakkwato, su faɗa Kwara, su ƙare a teku. Na ɓangarenmu kuwa gabas suka sa gaba, kuma har abada ba sa ganin teku. Tafkin Cadi ne zangonsu na ƙarshe.

Mai tattara su shi ne kogin Challawa. Daga tuddan kudu maso yamma yake gangarowa, a ƙasar Ƙaraye kuma aka datse shi, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina madatsar tsakanin 1990 da 1992. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kilomita 7.8, kuma idan ta cika tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ruwan da aka sako daga nan yana ci gaba gabas, yana karɓar ƙoramun Gwarzo da Kabo, sannan ya karɓi kogin Watari wanda aka datse a Bagwai.

Tarihin waɗannan madatsu na komawa ne ga mulkin Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, da kuma farin da ya addabi ƙasar Hausa a farkon shekarun 1970. A zamaninsa aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka gama ta a 1974, da ƙarfin riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ƙananan madatsu irin su Guzuguzu a Kabo da Kusalla a Ƙaraye duk 'ya'yan wannan tunani ne: a kama ruwan damina kafin ya gudu, a yi noman rani da shi. Duk wanda ya ga kwandunan tumatur jere a Kwanar Gafan, ko shinkafar Kura da alkamar Kadawa, ya ga amfanin abin da idonsa.

Birnin Kano ma da wannan kogi yake kashe ƙishi. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwa na Challawa kusa da Panshekara, aka ja famfo zuwa cikin gari. Sai dai a wannan yanki ne kuma kogin ke shan wahalarsa ta farko, domin masana'antun Challawa da Sharaɗa, musamman na jima, sun daɗe suna sako gurɓataccen ruwa mai ɗauke da sinadarin jima zuwa cikinsa. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan suna jan hankali a kai.

Kusa da Tamburawa Challawa ke gamuwa da kogin Kano, su zama guda, su wuce ƙarƙashin gadar Wudil, su nufi Ringim da Haɗejiya. Daga nan halin kogin ke sauyawa. Ya bar ƙasar dutse ya shiga rairayin kwarin Cadi, inda babu wata babbar ƙorama da za ta ƙara masa sai kogin Jama'are mai tasowa daga tsaunukan Jos. Maimakon ya riƙa ƙaruwa, sai ya shiga ramewa: rairayi na sha, rana na ɗiba. Ga kuma tsofaffin jigayi, tuddan yashi da iska ta jera shekaru dubbai da suka wuce lokacin da hamada ta sauko kudu, sun gitta masa a hanya. Dole ya rarrabu. Wani reshe ya bi mashigin Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi ta Kafin Hausa. Wannan rarrabuwa ita ta haifi dausayin Haɗejiya da Nguru, fadama mai faɗi a bakin Sahel, inda ruwan sama bai kai na Gwarzo ba amma ƙasa na jiƙe har cikin bazara.

A can shekara na tafiya ne bisa tashin ruwa da janyewarsa. Ambaliya na shigowa daga Agusta zuwa Oktoba, shinkafa ta tashi tare da ita, kifi ya bazu cikin ciyawa ya zuba ƙwai. Ruwa na janyewa manomi na bin sawunsa da wake da albasa da barkono. Masunci ya kafa mali, ya jefa birgi, ya cika kwalekwale da tarwaɗa da karfasa da kurungu da bargi. Da rani makiyaya su sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa, mata kuma su yanko kabar goruba su saƙa tabarmi da faifai. Fili ɗaya, sana'a huɗu ko biyar, kowa da lokacinsa, kuma mutanen da suka dogara da shi sun haura miliyan ɗaya.

Cikin halittun wannan ruwa babu mai ban al'ajabi kamar gaiwa. Idan tafki ya fara ƙafewa, sauran kifaye na taruwa a ɗan ragowar ruwa har a kame su ko su mutu. Gaiwa kuwa sai ta tona laka ta nutse, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar ɗan tsukin rami zuwa sama. Tana da huhu, don haka iska take shaƙa ta wannan rami. Haka za ta kwanta wata da watanni ƙarƙashin busasshiyar ƙasar da shanu ke takawa, ba ci ba sha, har ruwan sabuwar damina ya jiƙa kwanson ta farfaɗo.

Bayan Gashuwa sunan kogin ya koma Komadugu Yobe. Ya wuce Geidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ya ratsa ta Diffa, ya isa Tafkin Cadi wajen Bosso da Malam Fatori. Kogunan Chari da Logone ne ke kawo mafi yawan ruwan tafkin daga kudu, rabon Yobe kaɗan ne. Amma a arewacin tafkin yake zuba, ɓangaren da ya fi saurin bushewa, don haka kaɗan ɗin nan na da daraja. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Bakin wannan ruwa ya ga tarihi. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna kusa da Komadugu Gana, ɗaya daga rassan Yobe, sai ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ta Jamus suka tono shi, ashe kwalekwale ne mai tsawon sama da mita 8, wanda awo ya nuna ya haura shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana ajiye a Damaturu. A wannan kwari ne kuma Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, ya zama fadar Borno har zuwa 1808. Ta bakin Yobe Baturen nan Clapperton ya biyo daga Borno ya iso Kano a 1824, bayan abokin tafiyarsa Likita Oudney ya rasu kusa da Katagum. Har yau Badawa na taruwa a Gogaram domin bikin kamun kifi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu sai batun baƙi.

Bahaushe ya san shamuwa, mai zuwa da damina ta tafi da kaka. Ya san balbela da zalɓe da gauraka da kirinjijiya da ɗinya, 'yan gida. Amma daidai lokacin da shamuwa ke yin kudu, wasu tsuntsaye ke sauka daga arewa, sun tsallako bahar Rum da Sahara. An ƙidaya nau'in tsuntsu sama da 350 a dausayin Haɗejiya da Nguru, da yawansu 'yan cin rani ne daga Turai da Rasha: ƙananan agwagin ruwa masu farin zane a kan ido, agwagi masu tsinin wutsiya, fararen shamuwoyin Turai, da garkunan masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin laka. Saboda su ne aka kafa shirin kare dausayin a 1987, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci tafkin Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Cikin baƙin akwai wanda masana tsuntsaye ke kira raf. A nan wurinmu ba shi da wani kwarjini: toka-toka ne, girmansa bai wuce kurciya ba, yana yawo garke-garke yana tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Daga Fabrairu sai ya duƙufa ci, ya tara kitsen da zai tsallake hamada da shi. Ya yada zango a fadamun Holan ko na Belarus, sannan ya miƙa gabas. Waɗanda ke hayayyafa a Saberiya kan yi tafiyar da ta kai kilomita 30,000 a shekara, zuwa Afirka ta Yamma da komawa. Ta hanyar zobe aka gano haka: a kama tsuntsu, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. An sa wa wasu zobe a yammacin Turai, aka same su can gabashin Saberiya, ƙasar kogin Lena.

Lena na cikin manyan kogunan duniya, tsawonsa kimanin kilomita 4,300. Yana tasowa daga tsaunukan da ke gefen tafkin Baikal, ya miƙa arewa ta cikin dazuzzukan da mutum zai kwana yana tafiya bai ga gari ba, har ya faɗa tekun Laptev. A bakin teku ya kasu rassa barkatai cikin fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 30,000, babu bishiya sai gajeriyar ciyawa da ƙananan tafkuna. Ƙasar wurin daskararriya ce shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa na 'yan watanni. Babban birnin bakin kogin shi ne Yakutsk, wanda Rashawa suka kafa a 1632 a ƙasar mutanen Sakha, makiyayan dawaki da shanu, da maƙwabtansu Evenki masu kiwon barewar ƙanƙara. A watan Janairu sanyin Yakutsk kan sauka wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Kogin na daskarewa fiye da rabin shekara, kaurin ƙanƙarar ya haura mita guda, har a shata hanya a kansa manyan motoci su riƙa tsallakawa. A bakin wannan kogi ne wani maharbi ɗan Evenki ya gano gawar tsohuwar giwa mai gashi a 1799, daskare cikin ƙasa, irin giwar da ta ƙare a duniya shekaru dubbai da suka wuce.

Shi ma Lena ambaliya ce rayuwarsa, sai dai tasa daga narkewar ƙanƙara take zuwa. Da yake daga kudu yake gangarawa arewa, samansa kan narke a watan Mayu alhali ƙasansa na nan a daskare. Ruwa ya taho da manyan ɓaraguzan ƙanƙara, su cushe a inda kogi ya tsuke, ruwa ya rasa hanya ya hau gari. Haka ya faru a Lensk a watan Mayun 2001, aka wayi gari kusan duk garin na cikin ruwa. Amma ambaliyar nan ce ke jiƙa fili, ƙwari su ƙyanƙyashe ba adadi, ga rana da ke yin makonni ba ta faɗi ba. Abinci ya samu dare da rana, tsuntsaye su sauka.

A can ne raf ke nuna kansa. Namijin ya fitar da wani tulin gashi kewaye da wuya, wani fari, wani baƙi, wani ja, da ƙyar a samu biyu masu kama ɗaya. Mazan su taru a ɗan fili suna tsalle da karo da juna, matan na kallo suna zaɓe. Macen ta yi ƙwai huɗu a ƙasa cikin ciyawa, ta kwanta a kai kimanin mako uku ita kaɗai. Kafin sanyi ya dawo 'ya'yan sun yi fiffike, sun kamo hanyar kudu. Idan suka iso dausayin Haɗejiya da Nguru suka tarar fadama a bushe, ko a cunkushe, wahalar tafiyar ta tashi a banza.

Cunkushewar kuwa ta riga ta faru. Kafin madatsu, kogin namu kan yi toroƙo da damina ya bushe ƙaf da rani. Tiga da Challawa suka daidaita shi: babbar ambaliya ta ragu, ruwa kaɗan kuma ya riƙa gudu duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kachalla ke so. Ta mamaye mashigai da gonakin shinkafa, ta tare laka, ta toshe hanyar kwalekwale. Ruwan da ya rasa tsohuwar hanyarsa ya karkata ya kwanta a gonaki da ƙauyuka, wasu rassan kuma suka ƙafe. Tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya cikin kachallar, yana fitowa dubbai yana cinye gero da shinkafa. Fadamar da ambaliya kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 a shekarun 1960 ta tsuke sosai.

A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi. Suka haɗa kuɗin amfanin gona da kifi da itacen da dausayin ke bayarwa, suka gwada da abin da manyan ayyukan ban-ruwa ke samarwa da ruwa daidai wannan. Dausayin ya yi rinjaye da rata mai yawa. Wannan bai zama hujjar rushe madatsu ba, domin miliyoyin mutane ke sha suna noma da su. Abin da masana suka ba da shawara shi ne a riƙa sako ruwa da tsari, mai yawa a lokacin da fadama ke jiransa, a rage a lokacin da ya kamata ta bushe, a kuma yashe mashigai. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke riƙe da makullan madatsun, kuma a 2006 jihohi shida da ke cin wannan ruwa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi.

To ina rabon mutumin Mainika a cikin wannan magana? Rabonsa babba ne, domin shi ke zaune a kan ruwa, abin da ya saka shi na ƙasa ke karɓa. Jan launin da ƙorama ke yi bayan ruwan sama, ƙasar gonarsa ce ke tafiya, tare da takin da ya saya da tsada. Ita ce ke cike ƙananan madatsun Kabo da Gwarzo har su kasa riƙe ruwan da za a kai bazara da shi, ita ce kuma ke isa Haɗejiya ta zama shimfiɗar kachalla. Gonar da aka nome har bakin gaɓa, bishiyar da aka sare a gefen rafi, yashin da tifa ta kwasa ba ƙa'ida, duk suna buɗe wa zaizaya ƙofa, kuma kwazazzabon da ya fara a gonar mutum ɗaya ba ya tsayawa a iyakarta.

Don haka kira ga manoma: a bar 'yar tazara tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ƙorama, a bar ciyawa da gamba su riƙe gaɓa, a dasa gawo da bagaruwa da ɗorawa. Mai feshi kada ya wanke tankinsa a rafi, kada ya jefa kwalbar magani a ruwan da yara da dabbobi ke sha. Masunta su guji zuba guba da kamu da gidan sauro, domin mai kwashe 'ya'yan kifi bana shi zai dawo da koma wayam baɗi. Maharbi da ya ga garken baƙin tsuntsaye a bakin dam da hunturu ya ƙyale su su huta, wanda kuma ya tsinci tsuntsu mai zobe ya rubuta lambar da wurin da ranar, ya kai wa jami'an gandun daji na ƙaramar hukumarsa. Dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa da limamai su sa baki a kan masu ɗibar yashi da masu sare itatuwan bakin rafi tun damina ba ta kama ba. Hukumomi kuma su tabbatar masana'antu sun tace ruwansu kafin su sake shi, su riƙa sanar da mutanen ƙasa-ƙasa kafin a buɗe madatsa.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su samu saurare ba, a majalisa da masallaci da wurin ban-ruwa.  

(Kiɗan rufe shiri)